Yatsan Kawu Habu

Ranar da na sauka Jidda mutum ɗaya tak na sani a duk faɗin garin, shi ne Kawu Habu, mai tsire a unguwar Bani Malik. Ɗan baffan Innata ne, ya baro garinmu can gefen Haɗeja tun ina rarrafe. Shi ya tarye ni, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ya'u ne wannan? To, hancin Yaya Hauwa dai ka ɗauko. Allah ya sa ba ka haɗo da zuciyar ubanka ba." Na yi dariya kawai. Na haɗo da ita, har da gyara.

Da bizar direban gida na zo. Mutumin da ya shirya min ita a Kano ya rantse da abin da zai kashe shi cewa tsoho ɗaya zan riƙa kaiwa asibiti da masallaci. Tsohon kam akwai shi, Ammu Salih, shi ne kafilina, wato ubangidan da ya tsaya min a bizar, gidansa na Abhur can arewa bakin teku. Abin da maƙaryacin bai faɗa ba shi ne tsohon yana da 'ya'ya mata uku da jikoki tara a gida ɗaya, kowa da makarantarsa, kowacce da kantin da take so. Larabcin da na fara iyawa shi ne "yalla ya Ya'u", wato in yi sauri, don tun asuba ake rafka min shi. Ɗakina a bakin ƙofa yake, katifa ce da na'urar sanyi mai tari. In na fito waje kuwa, kafin in kai ga motar rigata ta manne min a baya.

Ranar Juma'a kawai nake mutum. In aka sauko daga masallaci sai in nufi Bani Malik, in tarar Kawu yana hura gawayi bayan la'asar. Nan Hausawa ke taruwa, na Nijeriya da na Nijar da na Sudan, har da waɗanda aka haifa a Jidda, masu fara magana da Hausa su ƙarasa da Larabci. Ƙamshin ƙuli-ƙuli kan nama shi ne gida a wurina. Sau da yawa nakan zauna a kujerar ƙarfe kusa da tukubar, ba na ko son cin naman, hayaƙin nake shaƙa.

Inna kunnenta ya yi nauyi, ba ta iya waya. Sai dai in kira yayata Hajara ta isar da gaisuwa. Shi kuwa Kawu ya san duk wani ɗan yankinmu da ya zo Umara, don haka ta hannunsa nake aika saƙo: dabino, mayafi, turare, man zafi na gwiwa. In na dawo wata Juma'ar sai ya ce, "Ya isa. Ta sa maka albarka." In na kira Yaya Hajara kuma, yau Inna tana barci, gobe ta tafi barka, jibi tana gidan maƙwabta. Ban kawo komai a raina ba.

Wata na goma sha ɗaya da zuwana, ina zaune a kujerar nan, wani dattijo ɗan garinmu da ya zo Umara ya tsaya sayen tsire. Da aka ce masa ni ne ɗan Hauwa, sai ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan mahaifiyarka. Na samu jana'izar, mutane sun taru sosai."

Na ce, "Baba, wace mahaifiyar?"

Ya dubi Kawu. Kawu ya sunkuyar da kai yana juya tsinke. Wurin ya yi tsit, kuma a shirun nan na gane kowa ya sani sai ni. Wata biyar ke nan da aka binne ta. Wata biyar ina sayen man zafi ga gwiwar da ke cikin ƙasa, wannan mutumin yana karɓa yana ce min ta sa albarka.

Ba zan ce Shaiɗan ne ba, ni ne. Na miƙe, na ɗaga kujerar da nake zaune a kai, na maka wa Kawu a fuska. Ya faɗi kan gawayin, mutane suka janye shi. Muƙamuƙinsa ya karye, haƙora uku suka fita. Motar 'yan sanda tana kan titin, ba a ma kira su ba.

Alƙali ya yanke min wata biyu. Da kora za ta biyo baya, amma Ammu Salih ya sa sandarsa ya yi ta zirga-zirga har aka bar ni. Ina tsare Yaya Hajara ta aiko da bayani cewa Inna ce da bakinta ta hana a faɗa min sai na cika shekara, don ta san halina, zan watsar da aikin in taho. Kawu amana ya riƙe. Da na fito kuma dattawan Bani Malik suka aiko cewa sun zauna, Kawu ya ce ya yafe duniya da lahira, an shafa Fatiha, in zo in gaishe shi magana ta wuce. Ban je ba. Kunya ce ta hana ni, da ta daɗe a cikina sai ta koma girman kai. Na riƙa ce wa kaina ai shi ma ya yi min ƙarya.

Shekara tara na yi a Abhur ban taka Bani Malik ba. In hanya ta biyo ta can sai in zagaye, ko da man motar zai ƙare. In na ji Hausa a kanti sai in yi shiru in zama kurma. Na je gida sau uku, na auri Zulai, Allah ya ba mu yara biyu, kuma duk abin da suke ci daga sitiyarin nan yake fitowa. Maganar kujera kuwa na binne ta, na ɗauka ta ruɓe.

Sai Ammu Salih ya rasu. Bayan kwanakin zaman makoki babban ɗansa Faisal ya kira ni falo, inda ban taɓa zama ba. Mutum ne mai kirki amma ba ya kwana-kwana. Ya ce za a sayar da gidan, kowa zai kama gabansa. Iƙamata, wato katin zamana a ƙasar, saura mata wata biyar. In na samu wanda zai karɓe ni kafin nan zai sa hannu, in ban samu ba sai fita ta ƙarshe daga ƙasar. "Halas?" in ji shi, wato magana ta ƙare? Na ce halas.

Ban sha wahalar samun wuri ba. Wani kamfani mai jigilar 'yan makaranta yana neman direbobin da suka san gari, ni kuwa Jidda ko ido rufe na san lungunanta. Suka gwada ni, suka yaba. Abu ɗaya ya rage, takardar shaidar cewa ba ni da laifi a rubuce, don ba a ba mutum yaran mutane haka kawai. Na je ofishin da ake ɗaukar zanen yatsu da ƙarfin gwiwata, don har ga Allah na zaci abin da ya shekara tara ya goge da kansa. Na ɗora yatsa a na'ura. Jami'in ya kalli allonsa, ya kalle ni, ya ce, "Alaika sabiƙa." Wato akwai tsohon laifi a kaina.

A bakin ofishin na faɗa hannun wani ɗan ƙasarmu, mai kwat da jakar hannu, Hausarsa rabi Turanci. Ya ce wannan ƙaramin abu ne, yana da mutum a ciki, danna maɓalli ɗaya ne laifin ya ɓace. Mai neman mafita ba ya jin wari. Ya ci abin da ya ci a hannuna, ya yi ta min gobe-jibi har sati uku, daga nan wayarsa ta mutu. Abin da ya ci bai dame ni kamar sati ukun ba. Na rantse da na gan shi a ranar da na ƙara wata sabiƙar a kan ta farko, Allah dai ya rufa asiri bai haɗa mu ba.

Akwai wani ƙaramin masallaci a gidan mai kan hanyar Abhur, inda na fi yin salla in ina jiran yara. Ladaninsa Usman Bahaushen Sudan ne, kuma shi kaɗai nake yi wa Hausa a shekarun nan, don bai san kowa nawa ba. Ya ga na rame, ya matsa min, na faɗa masa rabi. Ya ce, "Ka je Ruwais ka nemi Ammu Bakur mai rubuta takardun koke. Kada ka ɓoye masa komai, yana gane maƙaryaci tun daga sallama."

Ruwais tsohuwar unguwa ce kusa da teku, lungu cikin lungu. Na samu Ammu Bakur a wani ɗan shago da bai fi ɗakina ba, tsoho baƙi siriri, da tabarau a kan hanci. Kakansa ne ya zo Hajji a ƙafa daga ƙasar Kano bai koma ba. Shi bai taɓa ganin Nijeriya ba, amma da ya ji sunan garinmu sai ya ce a kawo min shayi. Na zayyana masa komai, har kujerar.

Ya ce, "Ya waladi, babu maɓalli. Amma doka ta bar ƙofa. Sunanta raddul i'itibari, ya'ani a mayar wa mutum mutuncinsa. In shekaru sun wuce ba ka sake ba, ka rubuta ka roƙa, a bincika, a share sunanka daga littafin. Lakin sai mutane sun yi maka shaida a rubuce. Wanda ka yi wa aiki, da umda mai unguwarku, da limamin da kake salla a bayansa."

Na ce, "Ammu, sai na faɗa musu abin da na yi?"

Ya ce, "To me za su shaida? Cewa kana da kyau?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da na shekara tara ina rufewa, shi zan bi gida-gida ina buɗewa da bakina. Faisal ya rubuta tasa a tsaye, ya ce ai babansu ya faɗa musu tun tuni, har matan gidan sun sani. Wato duk sunkuyar da kan da nake yi, a banza. Umda ya sa na yi masa sintiri sau huɗu kafin ya buga hatimi. Limamin babban masallacin unguwarmu kuwa ya saurare ni da kyau, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, ban san fuskarka ba. Ba zan shaida abin da ban gani ba."

Raina ya ɓaci, har na ji zafin nan yana hawowa wuyana. Amma gaskiyarsa ce. Direban gida ba shi da masallaci. Azahar a ƙofar makaranta, la'asar a bayan kanti kan kwali, magariba duk inda danja ta sake ka. Ban taɓa barin salla ba, amma babu sahun da ya san ni. Na fito na zauna a mota ina huci, kwana arba'in da wani abu sun riga sun tafi.

Usman ne ya fitar da ni. Ya kama hannuna har gaban limaminsu na gidan mai, ya ce, "Ya shaikh, wannan shekara nawa yana shigowa da makullin mota a hannu?" Limamin ya yi murmushi ya ce ai ya san shi, shi ne mai fita da gudu kafin a gama addu'a. Ya rubuta, ya sa hannu. Na ce wa Usman Allah ya biya shi.

Ammu Bakur ya haɗa takardun, ya rubuta koken da hannunsa mai kyau, na kai. Aka ce in jira kira. Jiran nan ya fi zaman gidan yari ciwo, don a can na san ranar fita. Kullum sai na duba kwanakin iƙamata a waya kamar za su ƙaru. Zulai ta kira tana tambayar ko lafiya, na ce lafiya lau, aiki ne ya yi yawa.

Saura sati shida aka kira ni ofishin 'yan sandan da aka fara kai ni. Jami'in da ke riƙe da fayil ɗin mutum ne mai sanyin magana. Ya ce shaiduna sun yi, haƙƙin hukuma na biya shi da zaman da na yi. Amma haƙƙin wanda na daka yana nan a buɗe. Bai nema ba, bai kuma yafe ba.

Na ce, "Wallahi ya yafe. Dattawa sun zauna, an shafa Fatiha."

Ya ce, "A ina aka rubuta?"

Babu inda aka rubuta. Mu a wurinmu in manya sun zauna an shafa, magana ta mutu, wa zai koma wurin hukuma ya tayar da ita? Jami'in ya ce sai mutumin ya zo da kansa, ya faɗa a gabansa, ya sa yatsa. In ba haka ba fayil ɗin ba zai motsa ba.

Haka na kama hanya na shiga Bani Malik. Inda tukubar take an yi shagon waya. Na yi tambaya, wani ya dube ni ya gane ni, ya nuna min wani lungu da haɓa. Can bayan wani dogon gini, inda mota ba ta shiga, na hango hayaƙi. Kawu yana tsugune yana jera tsinke. Ya tsufa ƙwarai. Bakinsa ya karkace gefe ɗaya, haɓar ta zauna ba daidai ba. Aikina ne, na tsaya ina kallonsa.

Na yi sallama na durƙusa. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Ya'u. Ka yi ƙiba." Maganarsa tana fita da iska ta gefen bakin.

Na ce, "Kawu, na zo ne..." sai kuka ya ƙwace min, ni da ko a kabarin Inna ban yi ba.

Ya ce, "Tashi, tashi, kada ka tara min mutane. Rabi, kawo ruwa, ga ɗan Yaya Hauwa."

Hajiya Rabi matarsa ce. Ta kawo ruwan ta ajiye ba ta amsa gaisuwata ba, ban kuma ga laifinta ba. 'Yan matansu biyu suka leƙo suka gaishe ni da Larabci, a nan aka haife su, ba su san ko'ina ba sai Jidda. Kawu ya zaɓo min tsinke uku masu kitse. Shi ba ya iya cin tsiren da yake gasawa, sai an daka masa.

Da na ga ba zan iya haɗiye naman ba sai na faɗi abin da ya kawo ni, don kada ya zaci zumunci ne zalla. Na ji kunyar hakan, amma na faɗa. Ya saurara yana juya wuta. Ya tambayi yarana, sunayensu da shekarunsu. Sannan ya ce, "Yatsa kawai? To ka zo jibi da safe ka ɗauke ni."

Na taso kamar an sauke min buhu. Na kusa kai bakin titi na ji takun mutum a bayana. Hajiya Rabi ce, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Ta ce, "Ya'u, tsaya ka ji. Ka san dalilin da ya sa muka dawo lungu? Shekara uku ke nan kafilinsa ya kai ƙara cewa ya gudu. Ba shi da iƙama. Ko asibiti ba ya zuwa. In ya ɗora yatsan nan a na'urarsu, ba zai fito ba, tarhil za su kai shi, gidan waɗanda za a kora, su sa shi a jirgi. Shi ba zai faɗa maka ba." Ta dube ni ido cikin ido. "Ka karya masa baki, mun haƙura. Kada ka zo jibi."

Washegari tun da hantsi ina Ruwais. Na tambayi Ammu Bakur ko Kawu zai iya wakilta wani. Ya ce wakilci ma sai da kati mai rai. Ko a rubuta a gida dattawa su sa hannu? Ya ce jami'in ya riga ya ce sai ya zo da kansa. Ko a jira? Ya cire tabaransa ya ce, "Kai ne ba ka da lokacin jira. Ya waladi, ni takarda nake rubutawa. Wannan ba ta takarda ba ce, tsakaninka da Allah ne."

Na yini ina juya abin. In ban je ba, ni zan hau jirgi, in koma wa Zulai da yara hannu rabbana. In na je, dattijon da ya shekara talatin a garin nan shi zai hau. Na ce wa kaina wataƙila ba za su duba ba. Na ce ai shi ya ce in zo, ba dole na yi masa ba. Na ce mutumin da ba shi da iƙama ko yau ko gobe za a kama shi, da ni da babu ni. Duk na san ƙarya nake yi wa kaina, na kuma ci gaba da yi.

Na je. Ƙarfe bakwai na safe ina bakin lungun. Ya fito shi kaɗai cikin farar jallabiya, da hula, da wata baƙar leda a hannu. Da ya zauna ledar ta buɗe kaɗan, na ga riga biyu a naɗe, da carbi, da kwalbar magani. Wanda zai sa yatsa ya dawo ba ya ɗaukar kayan sawa.

Na tayar da mota. Muka kai danja ta farko. Na ce, "Kawu, takardunka dai..."

Ya ce, "Tuƙa motarka, an ba ka hannu."

Daga nan zuwa ofishin akwai shataletale biyu da wata mahaɗa, ko'ina zan iya juyawa. Na san hanyar kamar tafin hannuna. A kowanne sai da ƙafata ta sassauta a kan mai, a kowanne kuma na miƙe. Shi yana ta ba ni labarin yadda Inna take dukansa suna yara in ya saci gyaɗarta. Ban ji rabin labarin ba.

Jami'in ya ba shi kujera. Ya tambaye shi ko ya san ni, Kawu ya ce ni ɗansa ne. Ya tambaye shi ko yana neman wani abu a kaina game da raunin da na yi masa. Kawu ya ce da Larabcinsa na kasuwa, "Ba na neman komai. Na yafe tun ranar." Aka rubuta, aka karanta masa. Jami'in ya ce ya kawo iƙama. Kawu ya miƙa tsohon katin, ya kuma ɗora yatsansa a na'urar tun kafin a ce ya ɗora.

Na ga lokacin da fuskar jami'in ta canja. Ya kalli allon, ya kalli Kawu, ya kalli ledar da ke kan cinyarsa. Ya ce a hankali, "Ya hajj, ka san abin da ke kanka?"

Kawu ya ce, "Na sani."

Jami'in ya ajiye katin. Sannan ya jawo takardar yafewar ya ce, "Bari mu gama wannan tukuna." Ya buga hatimi, ya sa ta cikin fayil ɗina, ya rufe. Bayan nan ya kira wani ɗan sanda.

Kawu ya miƙe ya zaro wayarsa da makullin gida ya ba ni. Ya ce, "Ka kai wa Rabi. Ka ce akwai naman da na jiƙa a firji, kada ya lalace." Na karɓa. Suka bi da shi ta wata ƙofa, yana riƙe da ledarsa.

Na kai saƙon. Hajiya Rabi ta buɗe ƙofa, ta ga wayar a hannuna, ba ta yi kuka ba. Ta karɓa ta ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka. Shekaranjiya ka ji ni, ko ba ka ji ni ba?"

Na ce, "Na ji."

Ta rufe ƙofar.

Saura kwana tara iƙamata ta mutu aka amince da kokena. Na koma na ɗora yatsa, takardar ta fito fara tas. Kamfanin ya karɓe ni, yau shekara biyu ina jigilar yaran mutane. Kawu kuwa an mayar da shi garinmu, Hajiya Rabi da 'yan matan sun bi shi bayan wata huɗu. An ce ƙaramar har yanzu ba ta iya cin tuwo ba, kuma ba ta magana da kowa a garin.

Kawu ne ya fara kirana, daga wayar Yaya Hajara, sati biyu da saukarsa. Bayan gaisuwa ya ce, "Takardar ta fito?"

Na ce, "Ta fito, Kawu."

"Karanta min in ji."

Na ɗauko ta na karanta masa da Larabci, sannan na fassara: babu wani laifi a kan mai wannan suna.

Ya ce, "Madalla. Ka adana ta kada ta jiƙe."

Na adana ta. Tana cikin leda a ƙasan akwatina, kuma tun ranar ban sake buɗe ta ba.